Yadda Siririn Ƙarfe Ke Kwanciya a Kan Wani Ƙarfe

Idan aka gasa ƙarfe har ya zama tururi a cikin akwatin da aka zuƙe wa iska, ƙwayoyin zarrarsa sukan sauka ɗai-ɗai a kan duk abin da aka ajiye a ciki. Da haka ake shimfiɗa ƙarfe a kan ƙarfe, kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba. Nanomita ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita.

Ƙwayar da ta sauka ba nan take take zama ba. Takan yi ta yawo a saman ƙarfen har ta gamu da 'yar'uwarta, ko ta iske wani lungu ta maƙale. Zafi ne ke ba ta ƙarfin wannan yawo. In wurin ya cika sanyi, inda ta faɗi nan za ta tsaya, sai shimfiɗar ta fito da gargada.

A 1958 masanin Jamus Ernst Bauer ya karkasa wannan girma gida uku. Idan baƙin ƙwayoyin sun fi son ƙarfen da suka sauka a kai, sai su cika shimfiɗa ɗaya tsaf kafin su fara ta biyu. Idan junansu suka fi so, sai su dunƙule tuddai-tuddai, kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo. A na ukun kuwa, shimfiɗa ɗaya ko biyu su kwanta lafiya, daga nan sai tuddai su ɓullo. Sau da yawa dalilin shi ne tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin. Tazarar ƙwayoyin azurfa da ta zinari kusan ɗaya ce, don haka azurfa kan kwanta a kan zinari ba takura. Jan ƙarfe kuwa tazararsa ta gaza ta zinari da kusan kashi 11 cikin 100, dole ya miƙe kafin ya daidaita, kuma ba ya jure hakan da nisa.

Amfanin wannan ilimi ya fito fili a 1988. Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa da nasa binciken, suka jera shimfiɗun baƙin ƙarfe da na kiromiyam, suka ga maganaɗisu na sauya gudun lantarki a cikinsu ƙwarai. A 1997 kamfanin IBM ya fara sa wannan dabara a na'urar karanta faifan ajiyar kwamfuta, su biyun kuma suka karɓi kyautar Nobel a 2007.