Littafin Da Muke Ɓoyewa Cikin Hijabi



A zangon da ya wuce an kama littattafai huɗu a ajinmu rana ɗaya. Biyu a cikin hijabi, ɗaya a tsakiyar littafin lissafi, ɗaya kuma an lulluɓe shi da bangon littafin rubutu don a ɗauka darasi ake dubawa. Duk na soyayya ne. Malama ta tafi da su ofis, mu kuma muka kwashe mako muna tambayar juna yadda labarin ya ƙare. Shi ya sa mu 'yan kulob ɗin jarida muka ga gara a yi maganar a fili, tunda kowa ya san ana karanta su. Har maza ma suna karantawa, sai dai su ari na yayyensu mata, in an tambaye su su ce ba su taɓa gani ba.

Da farko, labarin soyayya ba baƙo ba ne a rubutun Hausa. Tun a 1934 aka buga Jiki Magayi a Zariya, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta, kuma rikicin cikinsa ya taso ne daga budurwar da mai kuɗi ya ƙwace wa saurayinta. A 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafa shi a matsayin littafin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa. Amma irin waɗanda muke ɓoyewa sun bunƙasa ne a Kano daga shekarun 1980, lokacin da matasa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, ba tare da jiran babban kamfani ba. Wasunsu suka kafa ƙungiyar marubuta mai suna Raina Kama. Masana na kiran wannan rubutu Adabin Kasuwar Kano, domin a kasuwa ake sayar da shi. Daga Kano 'yan kasuwa ke ɗauko su zuwa Sakkwato da sauran garuruwa, har su iso mana nan Isa da Sabon Birni, wani lokaci bango ya yage, shafin ƙarshe ya ɓace saboda yawan hannun da suka bi.

Akwai wata dabara da ya kamata mai karatu ya sani. Yawanci ana raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku. Marubuci yakan yanke kashi na ɗaya daidai inda zuciya ta rataye, misali an ɗaura aure amma amarya ta ɓace. Ba kuskure ba ne, so ake a nemi na biyu. In ka gane haka, ba za ka hana kanka barci ba don kawai an tsaya a wurin da aka shirya a tsaya.

To me ya sa muke son su? Wasu na zaton kalaman saurayi da budurwa ne kawai ke jan mu. Gaskiya akwai wannan, ba za mu yi ƙarya a bangon makaranta ba. Amma mafi kyawun littattafan nan suna magana ne kan abin da ke faruwa a gidajenmu: auren dole, kishi, sakin aure, riƙon maraya, da fifita mai kuɗi a kan talaka. A cikin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, Sumayya 'yar masu hali ce da ke son Muhammad talaka, danginta kuma suna son ta auri mai dukiya. Wanda ya karanta shi zai ga cewa tambayar da ke ciki ita ce, shin kuɗi ne ke auna mutum ko hali?

Wanda ya fi taɓa mu shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad. Labarin wata yarinya ne mai suna Abu, da aka cire daga makaranta aka aurar da ita ga dattijo, ta gudu, daga baya ta koma neman ilimi har ta tsaya da ƙafafunta. Ita kanta marubuciyar an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana da kimanin shekara goma sha uku, wato sa'ar yawancinmu 'yan aji biyu. Duk da haka ta zama marubuciya, har aka fassara wani littafinta, Alhaki Kwikwiyo Ne, zuwa Turanci aka buga shi a Indiya a 2012. Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani kan Abu ba. Mun shigo aji ɗaya da wasu ƙawaye da yanzu babu su a cikinmu. Rashin tsaro ya sa iyayen wasu sun koma Sakkwato, wasu sun ƙetara wajen dangi a yankin Maraɗi, wasu kuma mun ji labarin an yi musu aure. In muka karanta yadda Abu ta koma karatu bayan kowa ya ɗauka nata ya ƙare, su muke tunawa.

Amma iyayenmu da malamanmu ba don mugunta suke ƙwacewa ba, kuma wannan tsoron ya daɗe. A 2007 gwamnatin Jihar Kano ta ƙona tarin irin waɗannan littattafai a bainar jama'a, tana cewa suna ɓata tarbiyyar ɗalibai. Marubuta da yawa sun ji haushin hakan, suka ce an haɗa mai kyau da marar kyau an cinna musu wuta tare. A ganinmu kowane ɓangare yana da abin faɗa, musamman yanzu da labarai suka koma cikin waya. A WhatsApp da Wattpad kowa na iya rubuta abin da ya ga dama ya watsa, babu mai dubawa. Akwai masu kyau a ciki, akwai kuma na batsa zalla waɗanda ko babba zai ji kunyar karanta su a gaban mutane, balle mu. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce, in ba za ki iya karanta shafin da ƙarfi a gaban innarki ba, to ba naki ba ne.

Wata matsalar ita ce mafarki. A wasu littattafan kowane saurayi yana da mota uku da gidan bene, yau yana Abuja gobe yana Dubai. Ba a taɓa ganin jaruma tana jan ruwa a rijiya ko tana surfen gero ba, sauro ma ba ya cizon ta. Yana da daɗin karantawa, amma yarinyar da ta ɗauka haka rayuwa take za ta raina gidansu, ta raina mai noman albasar da ke biya mata kuɗin littafin rubutu. Sai kuma cin lokaci. Wanda aka kama da littafi a tsakiyar darasin lissafi ya karanta shafi ashirin na soyayya, amma ranar jarrabawa ba Sumayya ce za ta zo ta amsa masa tambaya ba.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba. Mu Gobirawa muna cewa "mi" da "shina" da "ɗiya", amma a jarrabawar Hausa "me" da "yana" da "'ya" ake son mu rubuta. Waɗanda suka saba karanta littattafan da aka buga da kyau sun fi mu saurin kama wannan, kuma insha'insu ya fi tsawo. Sai dai a yi hattara da na waya, domin da yawa ba sa saka lanƙwasa a ƙ da ɗ da ɓ, suna kuma haɗe kalmomin da ya kamata a raba. In ka kwaikwaye su, jan biro zai cika maka takarda.

Wasu daga cikinmu sun samo hanyar da ta fi ɓoyo. Bayan an gama aikin gida da na makaranta, sai su karanta wa iyayensu mata da ba su yi boko ba, a tsakar gida bayan sallar isha'i. Wata 'yar ajinmu ta ce kakarta ce ma ke tsayar da ita ta ce wannan uwar mijin ba ta kyauta ba, ko kuma wannan yarinyar ta cika rashin kunya, a yi ta musu har a manta da barci. A haka babba ya san abin da ake karantawa, yaro kuma ya ji yadda manya ke auna labari.

Kuma mai karatu yau shi ne marubuci gobe. Tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata zalla. Labarin da ya fara lashe ta, Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, kan 'yan gudun hijira yake magana, abin da mu a wannan yanki muka gani da idonmu.

Don haka muna roƙon shugaban makaranta da malaman Hausa su zauna su zaɓo ko da littattafai goma waɗanda suka yarda da su, a ajiye a ofis, a riƙa ba da aro ranar Juma'a a dawo da su ranar Litinin. Mun ajiye kwali a ƙarƙashin wannan allo. Duk mai littafin da yake ganin ya cancanta, ya rubuta sunansa da na marubucin a takarda ya jefa kafin ƙarshen wata. Kuma Malama, don Allah, in kin gama duba waɗancan huɗun, a taimaka a sanar da mu ko akwai wanda ya tsallake.