Burduddugin Amurka da Barazanarsa ga Kwaɗin Gida

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta kwaɗo da burduddugi, wato ƙaton kwaɗon ruwa wanda ake kamawa a fadamu, a busar, a kai kasuwa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wani baƙon burduddugi, ɗan asalin gabashin Amurka ta Arewa, ya zama annoba ga kwaɗin ƙasashen da aka kai shi, da darasin da ke cikin hakan ga yankin Lafiya.

2.0 Asali da Yaɗuwa

Wannan burduddugi yakan kai tsawon santimita 20, da nauyin rabin kilo, kuma macensa takan zuba ƙwai har 20,000 a lokaci guda. Saboda naman cinyarsa aka kai shi Japan a 1918, da Barazil a 1935, don kiwo. A wurare da dama ya tsere daga tafkunan kiwo ya bazu a koguna.

3.0 Hanyoyin Ɓarna

Ɓarnarsa iri uku ce. Da farko, yana haɗiye duk abin da bakinsa ya iya ɗauka: ƙananan kwaɗi da kifi da macizai, har da 'yan tsuntsaye. Na biyu, 'ya'yansa sun fi na kwaɗin gida girma, don haka sukan cinye abincin da ke cikin ruwa. Na uku, wanda ya fi muni, yana ɗauke da wata ƙwayar cuta mai kama fatar kwaɗi, alhali shi kansa ba kasafai take kashe shi ba. Da yake kwaɗo ta fata yake shan ruwa da wani ɓangare na numfashinsa, lalacewarta mutuwa ce. Wani bincike na 2019 ya danganta cutar da raguwar jinsuna 501, waɗanda ake zaton 90 daga cikinsu sun ƙare. Tarayyar Turai kuwa ta haramta shigo da shi tun 1997.

4.0 Kammalawa

A fadamun shinkafa na Lafiya da Doma, kwaɗi ne ke rage ƙwarin da ke cin amfanin gona. Tafkin kiwo ɗaya da ya yi ambaliya da damina ya isa ya saki baƙon a cikinsu, kuma da wuya a kawar da shi bayan ya zauna. Saboda haka, mai sha'awar kiwon kwaɗi ya fi dacewa ya tsaya ga burduddugin gida.