Daga Kwatano zuwa rumbun Kurfai: darasin safarar cimaka ga ɗaliban kasuwanci

A manyan makarantun ƙasarmu inda ake koyar da tattalin arziki da kasuwanci, tun daga jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai har zuwa ta Tawa, ɗalibi yakan gamu da wani fanni da Faransawa suke kira lojistik. Ma'anarsa ita ce sanin yadda kaya zai tashi daga hannun wanda ya noma shi ko ya ƙera shi, ya bi ta hannun ɗan kasuwa da mai mota da mai mangaza, har ya isa ga mai bukata a kan lokaci, ba tare da ɓarna ba. Ilimi ne mai amfani ƙwarai. Abin dubawa shi ne misalan da ake koyar da shi da su.

Yawancin littattafan daga Faransa da Amurka suke zuwa, kuma sukan yaba wa tsarin kamfanin Toyota na ƙasar Japan, wanda ya ce ajiyar kaya asarar kuɗi ce, a kawo kowane ƙarfe a daidai sa'ar da za a yi aiki da shi. Wannan dabara ta dace da masana'antar da ke aiki kullum kusa da teku. A ƙasar Kurfai kuwa sau ɗaya ake girbin hatsi a shekara, wajen watan Oktoba, kuma abin da aka ɗaure a lokacin nan shi ake fata ya kai iyali wata kaka. Bakurfen da ya gina rumbu, ya ƙi buɗe shi sai bazara ta yi nisa, ya riga littafin sanin abin da ya dace da ƙasarsa. Saboda haka muna ganin malamin da ke neman misali ya fara da hanyar Filinge.

Ga yadda take. A shekarar da damana ba ta yi kyau ba, cimakar da aka sayo daga waje takan sauka a tashar jiragen ruwa. Shekaru da yawa tashar Kwatano ce ƙofarmu. A da jirgin ƙasa yakan ɗauko kayan zuwa Paraku, tafiyar kilomita 438, daga nan manyan motoci su karɓa, su ƙetare gadar Gaya, su bi ta Doso zuwa Yamai: fiye da kilomita 1000 ke nan daga teku. Daga Yamai saura kamar kilomita 180 zuwa Filinge, ta Baleyara mai babbar kasuwar Lahadi. Can ne kwalta take rabuwa da mafi yawan ƙauyuka, sai rairayin Dallol Boso, sai amalanke da jaki. A kowane zango akwai sauke kaya da lodi, akwai takarda, akwai jira.

Ƙasarmu ta sha wuyar rashin wannan lissafi. An kafa ofishin cimaka na ƙasa, wato OPVN, a shekarar 1970, fari kuma ya tsananta a 1973 da 1974. Taimako ya zo daga ƙasashen duniya, amma ya taru a tashoshin teku don ƙarancin motoci da hanyoyi, har sai da aka nemi jiragen sama su kai hatsi arewa. Wani kuma ya iso, bai shiga hannun masu yunwa ba. Da sojoji suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙarƙashin Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan yankin Filinge, karkatar da taimakon cimaka na cikin laifuffukan da suka ɗora wa gwamnatin da ta gabata. Ya kamata ɗalibi ya ji wannan tarihi tun ranar farko, domin ya gane cewa littafin shiga da fita na mangaza ba aikin ƙaramin magatakarda ba ne.

Sa'an nan a ba shi alƙalami. Mu ɗauka, don misali kawai, ƙauye mai mutum 2000, kowa na bukatar rabin kilo na hatsi a yini, rumbuna kuma za su ƙare kwana 90 kafin sabon hatsi. Tan 90 ke nan, wato buhu 900 mai kilo 100, lodin mota uku masu ɗaukar tan 30. Wannan lissafi mai sauƙi ne, wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci zai iya yin sa. Mai wuyar shi ne na kwanaki. Idan hanyar ƙauyen takan lalace da zarar ruwa ya zauna a watan Yuli, to daga ranar nan ake ƙirgawa baya: kwanakin tafiya, kwanakin lodi, kwanakin neman mota, kwanakin da takarda za ta yi a kan teburin mai sa hannu. Ɗalibin da ya ƙirga zai ga cewa hatsin da za a ci a watan Agusta tun cikin sanyi ake yanke shawararsa. Wanda ya jira kukan jama'a ya iso Yamai, ya makara.

Akwai wani wasa da aka ƙirƙiro a makarantar MIT ta Amurka a farkon shekarun 1960, bisa binciken malami Jay Forrester. Ana raba ɗalibai gida huɗu, daga mai kanti zuwa masana'anta, kowa na aika odarsa ga na gaba ba tare da sun yi magana ba. A can da akwatunan giya suke yin sa. Mu sai mu sa buhunan hatsi. Abin da ke fitowa kusan kullum ɗaya ne: bukata ta ƙaru kaɗan a wurin mai kanti, tsoro da jinkiri su sa kowa ya ƙara a kan odarsa, a wayi gari na ƙarshe ya tara abin da babu mai saye. Duk wanda ya ga yadda jita-jitar yunwa take tada kuɗin tiya a kasuwa, ƴan kasuwa su rufe mangaza suna jira, ya san wasan nan ba tatsuniya ba ce.

Kada kuma a tsaya ga hatsi. A arewa da Filinge akwai gidan gonar Tukunus inda ake kiwon shanun Azawak. Nono ba ya jira kamar hatsi. In babu sanyi ko mota, yini ɗaya ya isa ya lalata shi, shi ya sa makiyaya suke mai da shi cuku. Ɗalibi ya kwatanta kayan nan biyu, ya faɗi wanda ake ajiyewa da wanda ake gudu da shi.

Sabon darasi ya zo a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli an rufe iyakar Benin, kayan da suka saba bin Gaya suka koma tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. Tafiya ta ƙaru, kuɗin shinkafa ya hau. Duk lissafin kwanakin da aka gina a kan hanya ɗaya ya rushe. Malami na iya mayar wa ɗalibansa misalin ƙauyen nan mai buhu 900, ya ce su sake ƙirgawa ta Lome, su kuma faɗi buhu nawa ya kamata a ce yana ajiye a Filinge tun kafin a rufe gadar.