Shin Ko Kun San? Tseren da Ƙaramar Mota Ke Kunyata Babba

Shin ko kun san akwai tseren motar da ba a sakin motoci biyu tare? Ɗaya bayan ɗaya ake yi! Abokin karawar direba agogo ne. A Amurka sunansa otokuros. Fili ake samu mai kwalta ko siminti, a jera robobin nan masu tsini da ake tare hanya da su, a fitar da turba mai kwana a kan kwana. Kamar minti ɗaya, an gama. Gudun kuwa da wuya ya wuce kilomita 100 a awa. Mutanen Taura, direban hayan da ya makara a hanyar Haɗeja ai ya fi haka taka totur!

To ina wahalar? A kwana take. Ka ture roba ɗaya, a ƙara maka daƙiƙa 2. Kada ku raina daƙiƙa 2. Agogon nan yana raba daƙiƙa gida 1,000! Roba ɗaya tak tana iya dawo da na ɗaya can ƙasan jeri. Ga wani abin dariya: kowace roba an zagaye gindinta da alli. In ka buge ta, ta yi rawa, ta tsaya a tsaye tana taɓa zanen, ka sha. Babu tara.

Kun san ba a gwajin hanya da mota? Da ƙafa ake zagayawa! Direba ya taka sayyadarsa, ya haddace kwanonin a ka, sannan ya sa hular kwano. In ya gama nasa gudun, ya koma bakin fili yana tsince wa wasu robobi. Mai kuɗi da talaka, kowa sai ya tsinta.

Ku ji yawan jama'a. Ƙungiyar SCCA, wadda aka kafa a 1944, ta fara gasar ƙasa ta wannan wasa a 1973. Tun 2009 a filin jirgin saman Lincoln da ke jihar Nebraska ake yi. Direbobi sama da 1,000 a mako guda!

Yanzu ga gundarin maganar: aji. Yadda manomi ba ya haɗa ɗan maraƙi da bijimi a garma ɗaya, haka ba a auna motar gida da wadda aka ƙera don tsere. Kowace mota da ajinta. Kuma gyaran da ka yi mata shi ke tura ta aji na gaba, ko ka so ko ka ƙi.

A ajin farko, mota tana nan kusan yadda ta fito daga kamfani. An yarda ka canza taya, ka canza shokoziba, ka sa wa birki sabon takalmi, ka sauya ƙarshen salansa. Inji? Kada ka kuskura! Tayar ma da sharaɗi. Ku duba gefen taya, za ku ga lambar da ke nuna jimirinta kafin ta suɗe. Dole ta kai 200. Wadda ba ta kai ba ta cika laushi, tana manne wa kwalta, ajinta daban.

Ga inda direbobin kasuwar Gujungu za su kama baki. Sifirin ɗin nan mai ƙarfi da bakanike ke ƙara wa bayan Golf don ta ɗauki buhuna? A can, shi kaɗai ya isa a fitar da mota daga ajin farko! Ka cire kujerun baya, ka fiffige kafet, ka ɗora injin wata motar, sai ka tsinci kanka cikin masu motocin da ba sa hawa titi sam, a kan tirela ake kawo su. A can ƙololuwa kuwa akwai wasu 'yan mitsi-mitsi, kujera ɗaya, da fuka-fukai manya gaba da baya. Ba na tashi ba ne. Iska ke danna su ƙasa don kada taya ta saki kwalta a kwana!

Golf kuwa ba baƙuwar tsere ba ce a yankinmu. A 1987, Kenneth Eriksson ɗan Suwidin ya lashe tseren Kwaddibuwa, wani tsere daban na doguwar hanya, ɗaya daga zagayen gasar duniya, da Golf GTI. 'Yar'uwar wadda kuke gani ɗauke da awaki!

Ku dakata, akwai wanda ya fi wannan. A 1989, a tseren dai na Kwaddibuwa, Alain Oreille ɗan Faransa ya shiga da Renault 5, 'yar ƙaramar mota mai injin lita 1.4, a ajin motocin da ba a yi wa babban gyara ba. Manya suka yi ta zubewa a hanya. Shi ya zo na ɗaya, a kan kowa da kowa!

Tseren nan ba ya da tausayi ko kaɗan. A 1972 motoci suka tashi da ɗumbin yawa. Nawa suka iso ƙarshe a kan ƙa'ida? Ko ɗaya! Aka tashi babu gwani.

Shin ko kun san Fijo 504 ma zakara ce? A 1975, shekarar da aka fara haɗa ta a Kaduna, ta cinye tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta kuma cinye na Maroko a hannun Hannu Mikkola. Wannan dai da ta yi shekaru tana jigilar fasinja tsakanin Kano, Ringim da Gumel!

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga abin da idonsu. Tseren Faris zuwa Dakar na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, ya ratsa Agadas da Yamai. Ababen hawa 182 suka tashi, 74 suka isa. A lokacin ba a raba aji ba, babur da mota jeri ɗaya. Wa ya ci? Mai babur! Cyril Neveu, a kan Yamaha. A 1980 aka raba: babura daban, ƙananan motoci daban, manyan motoci daban.

Gyara kuwa in ya wuce gona da iri, sai labari ya canza. A tseren Dakar na 1988 kamfanin DAF ya shigo da babbar mota mai inji biyu. Biyu fa! Ƙarfin doki kusan 1,200. Jan de Rooy ya tuƙa ta cikin Sahara, ya wuce Fijon tsere ta Ari Vatanen suna gudun kusan kilomita 200 a awa. Amma 'yar'uwarta ta wuntsila a hamadar Nijar, mutum ɗaya ya rasu, kamfanin ya janye nan take.

A gida fa? Bikin kamun kifi na Argungu yana da nasa jerin gwanon motoci. A 2020 daga Abuja aka tashi, da motocin da aka haɗa a Najeriya, ƙarƙashin hukumar da Jelani Aliyu ɗan Sakkwato ke shugabanta a lokacin. Shi ne fa wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka!

Ga na ƙarshe, ku kai wa samarin da ke juya mota a gidan biki suna tayar da ƙura a kan jama'a. Masu otokuros da gaske, a killataccen fili suke yi, 'yan kallo na nesa, kuma sai an duba birki, sitiyari da ɗaurin batir kafin a bar mota ta motsa. Tsofaffin hannu kuma jeri ɗaya suke ba sabon shiga: ka zaɓi aji tukuna, ka gyara tuƙinka, ka sayi taya mai kyau. Sifana ita ce ta ƙarshe. Wanda ya fara da sayen kayan gyara a Ƙofar Ruwa kafin ya karanta doka, kuɗinsa ne za su kai shi ajin da zai zo na kashin baya!