Ko ka sani? Kwantenar Docker ba kwamfuta ba ce

Manhaja ba ta tsayuwa da ƙafafunta. Tana jingine ne da wasu ƙananan manhajoji da aka riga aka rubuta, kowace da sigarta. Wannan aikin yana son tsohuwar siga, wancan sai sabuwa, ga shi kwamfutar ɗaya ce. Shi ya sa za ka ji injiniya yana rantsuwa cewa a tasa na'urar abin yana tafiya lafiya lau, amma da an ɗora shi a ta kamfani sai ya cije.

A watan Maris na 2013, a taron PyCon da aka yi a Santa Clara ta Amurka, Solomon Hykes ya fito da Docker. Dabararsa ita ce a ɗaure manhaja da duk kayan da take buƙata a ƙunshi guda, kamar kwantenar da ake saukewa daga jirgin ruwa a ɗora wa tirela ba tare da an buɗe ta ba.

Mutane da dama sun ɗauka wata 'yar kwamfuta ce ake ƙirƙira a cikin babba. Ko kusa. Duk kwantenonin da ke kan na'ura zuciyar Linux ɗaya suke rabawa, wato ɓangaren tsarin da ke sarrafa na'urar, ita ce kuma take rufe musu ido. Manhajar da ke ciki tana ganin fayilolinta kaɗai, ta duba jerin ayyukan da ke gudana ta ga ita ce lamba 1, alhali daga waje tana iya zama ta dubu da wani abu. Sannan akwai cgroups, wanda injiniyoyin Google suka fara a 2006, mai auna wa kowace kwantena rabonta na ƙwaƙwalwa don kada wata ta cinye na saura. Tunda babu sabon tsarin da za a kunna daga tushe, kafin ƙiftawar ido kwantena ta tashi.

Dabarar ma tsohuwa ce, don tun 1979 Unix ke da chroot, mai killace manhaja a lungu guda. Docker sauƙaƙa ta ya yi, kuma a ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai dai rabon zuciya ɗaya yana da haɗarinsa: in aka samu ɓaraka a cikinta, ɓarawo na iya tsallakawa daga kwantena zuwa na'urar baki ɗaya. Masu Mac da Windows kuwa, galibi Docker yana kunna musu wata Linux ce a ɓoye, a cikinta kwantenonin nasu suke zaune.