Karo Wajen Sauya Hannu: Wa Ke Da Laifi?

Da zarar kaka ta yi, hanyoyin Kafur ba sa hutawa. Motocin masara da dawa da waken suya na ta kai da kawowa zuwa kasuwannin Malumfashi da Bakori da Funtuwa, ga 'yan acaɓa, ga ɗalibai a kan kekuna. Ana cikin haka sai direba ya kauce wa rami, ko ya fito zai wuce motar gabansa, sai ka ji garam! Kafin ƙiftawar ido jama'a sun taru, kowa na rantsuwa shi ke da gaskiya.

Mutane da yawa sun ɗauka mai babbar mota ne kullum mai laifi. Doka ba ta duba girman abin hawa. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka ta hagu ake wuce mota. Wanda ke tafiya a hannunsa shi ke da hanya. Wanda zai bar nasa hannun kuwa, dole ya duba madubi, ya kunna sigina, ya ɗan waiga, ya tabbata babu mai tahowa. Kunna sigina kaɗai bai ba shi hanya ba. Shi ya sa galibi laifin kan faɗa kan wanda ya sauya hannu, ko da ɗan acaɓa ne ya yanko gaban tirela.

Amma wani lokaci laifi na kowa da kowa ne. Idan ɗaya direban yana zabga gudu, ko yana waya, ko yana tafe da dare ba fitila, ko ya ƙara wuta yayin da ake wuce shi, shi ma yana da nasa kason.

Ta yaya ake ganewa? 'Yan sandan sashen haɗurra kan auna wurin su zana taswirarsa. Jami'an duba lafiyar motoci kan gwada burki da fitilu. Ana duba inda kowace mota ta lotsa, da sawun taya a kan kwalta, da farin layin tsakiyar titi: idan bai yanke ba, an hana ƙetare shi. Sannan a saurari shaidu. In sulhu ya gagara, kotu ce ke yanke hukunci.

Hukuncin na da nauyi, domin shi ke nuna wanda zai biya gyara da magani. Daga Janairun 2023, inshorar dole ta motar gida ta koma naira 15,000 a shekara, kuma tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3.

Idan haɗari ya faru a gabanku, ku kira Hukumar Kiyaye Haɗurra a lamba 122, ku nemo manya a taimaki waɗanda suka ji rauni. Mai waya ya ɗauki hoto kafin a janye motocin. Kada ku shiga cikin masu dukan direba. In an tambaye ku, ku faɗi abin da idonku ya gani kawai, ko da mai laifin ɗan garinku ne.