Ƙaryar Kwantar da Hankali da Darasin Lafiyar Toga

Tun da Lakurawa suka kashe mutum 15 a garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, muhawara ba ta mutu ba a majalisun Birnin Kebbi da Argungu. A watan ne hedkwatar tsaro ta sanar da ɓullarsu a matsayin "sabuwar" ƙungiyar 'yan ta'adda, alhali mutanen Tangaza da Gudu a Jihar Sakkwato sun san su tun 2018, lokacin da 'yan sanda suka ce makiyaya ne kawai daga ƙetare. Masu kare hukuma na cewa dole shugaba ya lulluɓe wata maganar don kada gari ya yamutse. A nan aka yi wa lamarin gurguwar fahimta.

Hujjar tsohuwa ce. Aflatun na Girka ya yarje wa masu mulki su ƙago labari don talakawa su zauna lafiya. Mu kuma mukan jawo hadisin da ya yi rangwame a wuri uku: yaƙi, sulhunta mutane, da tsakanin miji da mata. To amma yaudarar yaƙi abokin gaba ake yi wa, ba manomin shinkafar da ke tambaya ko zai iya shiga fadama gobe ba. Sahihu Muslim kuwa ya lissafa sarki maƙaryaci cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama. Ɓoye sirrin soja daban, cewa "komai lafiya" daban.

Abin takaici, amsar na cikin tarihinmu, wanda muka bar wa makaɗa da gidan tarihin Kanta. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi. Kabawa ba su miƙa wuya ba, daga baya suka kafa gadon sarautarsu a Argungu, a 1849 kuma Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye. Aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Sakkwato da Gwandu har 1867, lokacin da aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga. Ginshiƙin sulhun faɗin gaskiya mai ɗaci ne: Sakkwato da Gwandu sun yarda cewa Argungu mai cin gashin kanta ce. Ba a gaya wa talaka an ci nasara alhali ba a ci ba. Sulhun ya kai shekara takwas kafin ya rushe. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa zuwa Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya tarbe shi da bikin kamun kifi a kogin Matan Fada. Bikin kamun kifin da muke tinƙaho da shi shaida ce ta gabar da aka yarda akwai ta kafin a binne ta. Ɗalibai nawa ne a makarantun Kebbi suka taɓa jin sunan Toga?

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wanda aka ce masa makiyaya ne, ya wayi gari an kore masa shanu, ba zai sake yarda da sanarwar hukuma ba ko da gaskiya ce, sai ya koma ga jita-jitar WhatsApp. Ya kamata kwamishinoni da kakakin jami'an tsaro su riƙa faɗin ƙauyen da ke cikin haɗari da adadin waɗanda aka rasa. Ku kuma masu zama majalisa, ku daina tafa wa wanda ya yi muku ƙarya don ɗan jam'iyyarku ne.